Zauren Zongo: Ɗan Alƙalin Zazzau a Kujerar Babban Joji

 

A wannan karo za mu tsallaka iyaka ne mu leƙa Nijeriya, domin mu duba rayuwar wani dattijo wanda sunansa bai cika yawo a majalisunmu ba kamar na 'yan siyasa da attajirai. Shi ne Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, wanda ya riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya daga 1995 zuwa 2006, ya kuma rasu a Abuja ranar Juma'a 6 ga watan Yuni 2025, ranar Babbar Sallah, saura kwana shida ya cika shekara 89 a duniya. Allah ya jiƙansa da rahama.

Watakila wani ya ce mene ne haɗin mutumin Adakpame da alƙalin wata ƙasa? To haɗin kuwa akwai shi. Duk jama'ar da take 'yar kaɗan ce a ƙasar da take zaune, ba ta da yawan ƙuri'a, ba ta da manya a soja, idan rana ta ɓaci ba ta da bangon jingina sai doka da kuma mutumin da aka ba amanar karanta ta. Saboda haka sanin yadda ake samun alƙali nagari, da abin da zai iya yi da wanda ya fi ƙarfinsa, ilmi ne da ya shafe mu fiye da kowa.

An haifi Muhammadu Lawal a birnin Zariya ranar 12 ga watan Yuni 1936, a gidan shari'a, domin kuwa mahaifinsa babban alƙali ne a masarautar Zazzau. A wancan zamani alƙali a ƙasar Hausa yana aiki ne a ƙarƙashin En'e, da muhuti a gefensa, da littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa a gabansa, sama da shi kuma akwai majalisar shari'a ta Sarki. Wanda duk ya tashi a irin wannan gida, hanyar da aka san zai bi ita ce karatun zaure har ya gaji rawanin ubansa.

Amma zamanin da yaron ya taso a ciki ya riga ya fara juyawa. Da mulkin kai ya gabato, a 1958 gwamnatin Sardauna ta kira wani kwamiti na masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, domin su duba tsarin kotunan Jihar Arewa. Daga shawararsu ne aka samu dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a mai kula da aure da gado da makamantansu. Bayan juyin mulkin soja, a wajajen 1967 da 1968, aka soke kotunan sarakuna, aka kuma karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su hannun gwamnati. Ashe ke nan manyan ƙararraki, irin na kisa da na fili da na gwamnati, sun koma ɗakunan da ake magana da Turanci, kuma masu zama a kujerun waɗannan ɗakuna a Kaduna yawancinsu Turawa ne da baƙi.

Shugabannin Arewa na lokacin sun gane cewa kuka ba zai yi magani ba. Sai suka riƙa zaɓen yara masu kaifin basira suna tura su karatun lauya da kuɗin gwamnati. A sahun farko akwai Muhammadu Bello da Mamman Nasir, mutanen Katsina, da kuma Buba Arɗo. Uwais yana cikin waɗanda suka biyo baya. Ya yi Kwalejin Barewa, makarantar da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed suka yi, sannan ya shiga Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya, daga nan sai Landan, inda ya zama lauya a Middle Temple a 1963. Hausawa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sana'ar gidansu ya riƙe, illa dai ya nemi kayan aikin da zamaninsa yake buƙata.

Ya fara aiki a matsayin lauyan gwamnati a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa. A farkon shekarun 1970 ya zama alƙalin Babbar Kotu a Kaduna, a 1977 ya shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, a 1979 kuma, yana da shekara 43 kacal, aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli, inda ya zauna kusan shekara 27.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu ɗan tsaya a kan mutumin da ya sauka daga shugabancin kotun a shekarar da Uwais ya shige ta, domin labarinsa zai yi wa ɗan Zongo daɗin ji. Sunansa Sa Darnley Alexander. An haife shi a 1920 a Sen Lusiya, wani ɗan tsibiri a tekun Karibiyan, can hayin Amurka. Ya yi aikin shari'a a Jamaika, sannan a 1957 ya zo Nijeriya aikin rubuta wa gwamnatin Jihar Yamma dokoki. Ba shi da gari a ƙasar, ba shi da dangi, ba shi da wani sarki da zai tsaya masa. Duk da haka ya zama alƙali a Legas a 1964, ya zama babban alƙalin Jihar Kudu maso Gabas a Kalaba a 1969, kuma a 1975 Janar Murtala, Bakano, ya ɗauko shi ya ɗora shi a kan dukkan alƙalan Nijeriya, ya riƙe har 1979. Ana cewa baƙo raɓa ne, to ga baƙon da ilmi da riƙon amana suka zaunar da shi a kujerar da 'yan gari suke ɗaga kai su kalla. Ɗan Arewa bai hau wannan kujera ba sai a 1987, lokacin da aka naɗa Muhammadu Bello, kuma daga hannunsa ne Uwais ya karɓa.

Da shigarsa Kotun Ƙoli ya tarar da wata ƙara mai zafi. An yi zaɓen shugaban ƙasa a watan Agusta 1979, doka kuma ta ce tilas wanda ya ci ya samu kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya samu haka a jihohi 12, amma a Kano abin da ya samu bai kai kashi 20 ba. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 ai 13 ne, tun da ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da sulusi biyu. Alƙalai bakwai suka zauna, Uwais yana cikinsu, kuma ranar 26 ga watan Satumba, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, mafi yawansu suka tabbatar wa Shagari da nasara. Uwais yana tare da masu rinjaye, Mai Shari'a Kayode Eso kuwa ya saɓa musu. Har gobe ana gardama a kan wannan hukunci. Shari'a dai mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, kuma ba a taɓa yanke ta kowa ya tashi yana murna ba.

Ya zama Babban Joji a watan Disamba 1995, a lokacin da babu daɗi ko kaɗan. Wata guda kafin nan, ranar 10 ga watan Nuwamba, gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas bisa hukuncin wata kotu ta musamman wadda ba a ɗaukaka ƙararta zuwa kotunan ƙasa. Soja suna fitar da dokoki masu cewa kada wata kotu ta saurari ƙara a kan abin da suka aikata. Cif Mashood Abiola yana tsare, maganar belinsa ta maƙale a Kotun Ƙoli domin alƙalai da dama sun janye daga sauraronta, gwamnati kuma ba ta naɗa waɗanda za su cika adadin ba, har mutumin ya rasu a tsare a watan Yuli 1998. Wannan gaskiya ce mai ɗaci wadda bai kamata a ɓoye ta ba idan ana tarihin Uwais. Akwai masu ganin cewa alƙalan wancan zamani sun yi shiru da yawa. Akwai kuma masu cewa da sun ajiye aiki gaba ɗaya, da soja sun cika kujerun da 'yan amshin shata. Abin da ba a musu a kansa shi ne, alƙali ba shi da bindiga, ba shi da baitulmali, ƙarfinsa yana tsayawa ne inda masu mulki suka yarda doka ta hau kansu.

Sai da farar hula suka dawo ne aka ga abin da kotun za ta iya. Shi ya rantsar da Cif Olusegun Obasanjo ranar 29 ga watan Mayu 1999, shi ne kuma shugaban farko na Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda sabon tsarin mulki ya ba ikon ba da shawarar naɗa alƙalai da ladabtar da su. A cikin shekarar 2002 kaɗai, kotun ta hana majalisar tarayya ƙara wa shugabannin ƙananan hukumomi wa'adi, ta yanke hukunci a kan rikicin man fetur na cikin teku tsakanin tarayya da jihohin gaɓa, ta kuma tabbatar da dokar da ta kafa hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci.

Amma hukuncin da ya fi jan hankalinmu shi ne na watan Nuwamba 2002. Hukumar zaɓe ta INEC ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri na yi wa jam'iyyu rajista, ta yadda sai masu kuɗi da manyan ofisoshi a ko'ina za su iya cikawa. Alhaji Balarabe Musa, tsohon gwamnan Kaduna kuma jagoran PRP, da Cif Gani Fawehinmi da wasu ƙananan ƙungiyoyi suka kai ƙara. Kotun Ƙoli ta ce hukumar ba ta da ikon ƙara wani sharaɗi a kan abin da tsarin mulki ya shimfiɗa. Jam'iyyun da ba su wuce shida ba, kafin zaɓen 2003 sun kai wajen 30. Jama'a a lura da wannan da kyau: masu ƙarar nan ba su da gwamna ko ɗaya, ba su da rinjaye a majalisa, takarda kawai suka riƙe da lauyan da ya iya karanta ta, suka kuma yi nasara a kan hukumar gwamnati.

Haka nan a watan Disamba 2004, bayan Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Jihar Legas saboda gwamnanta na lokacin, Bola Tinubu, ya ƙirƙiro sababbi, kotun ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe wannan kuɗi, ko da yake ta ce sababbin ƙananan hukumomin ma ba su gama cika ƙa'ida ba. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa, ba a gama sakin kuɗin ba sai a 2007, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa. A nan ma mun ga iyakar ƙarfin alƙali: shi dai ya faɗi gaskiya, zartarwa kuma tana hannun wasu.

Wata ƙara da ta bar tabo ita ce ta Janar Muhammadu Buhari a kan zaɓen watan Afrilu 2003. Ba a yanke hukuncin ƙarshe ba sai a watan Yuli 2005, inda aka tabbatar da Obasanjo, bayan ya riga ya cinye fiye da rabin wa'adinsa. Ko mai goyon bayan hukuncin ya san cewa shari'ar da ta kai wannan tsawo ta zama ihu bayan hari.

Uwais ya yi ritaya ranar 12 ga watan Yuni 2006, ranar da ya cika shekara 70, kamar yadda doka ta tanada. Bai daɗe yana hutawa ba aka sake kiransa. Shugaba 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa ranar rantsar da shi cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, sai ya kafa kwamiti mai mutum 22 a watan Agusta na shekarar, ya ba Uwais shugabanci. A watan Disamba 2008 suka miƙa rahoto. Daga cikin shawarwarinsu akwai cewa a cire zaɓen shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa, a bar Majalisar Shari'a ta tallata muƙamin ta tace masu nema. A riƙa ba hukumar kuɗinta kai tsaye daga asusun ƙasa. A kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu maguɗi. A ƙyale ɗan takara ya tsaya ba tare da jam'iyya ba. A kuma gama duk wata ƙarar zaɓe kafin a rantsar da wanda aka ce ya ci. Wannan ta ƙarshe, duk wanda ya tuna da shari'ar 2005 ya san daga inda ta fito.

Gwamnati ta ɗauki wasu ta zubar da wasu. A gyaran tsarin mulki na 2010 an ba hukumar zaɓe 'yancin kuɗinta, an kuma yanka wa kotunan zaɓe wa'adin kwana 180. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Farfesa Attahiru Jega, ya zama shugaban hukumar a wannan shekara. Amma babbar shawarar, wato ta raba shugaban ƙasa da ikon naɗi, ita aka fara ƙi, domin ba kasafai mai riƙe da wuƙa yake miƙa ta da kansa ba. Har ranar da dattijon ya koma ga Mahaliccinsa, duk lokacin da aka yi zaɓe aka tashi da rigima a Nijeriya, sai an ji masu cewa a koma ga rahoton Uwais.

To jama'a, bari mu dawo gida. Mu a Zongo Allah ya hore mana hanyar sasanta kanmu. Rikicin aure, da rabon gado, da bashi tsakanin 'yan kasuwa, da saɓanin maigida da dillali, yawanci a ƙofar Sarkin Zongo ko a gaban liman ake kashe su, ba tare da an ji kanmu a waje ba. Wannan abin alfahari ne, kada mu yar da shi. Amma akwai al'amuran da suka fi ƙarfin zaure. Maganar fili, da takardar zama ɗan ƙasa, da kayan da aka tsare a tashar jirgin ruwa, da yaron da aka kama aka kai kurkuku, duk waɗannan a ofis da kotu ake yanke su, da Faransanci, bisa dokokin da aka rubuta.

Dattawanmu ba su manta da 1977 ba, shekarar da aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar Lome aka kwashe jama'a zuwa bayan gari ta wajen Agoe, bayan sun shafe shekaru masu yawa a wurin. Daɗewa a wuri daban, mallakarsa a idon doka daban. Har ila yau kowa ya san cutar da ta addabi birnin nan, ta sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, kuma ɗan Zongo da ya saba ciniki da amana da shaidar baki, sau da yawa shi ne yake kwana ciki. Tun 2018 ƙasar nan tana da sabon kundin dokar filaye, wanda ya ɗora nauyi a kan takardar mallaka, wato titir fonsiye. A shekarar ce kuma aka fara buɗe gidajen sasanci na ma'aikatar shari'a, har da na Baguida da na Agoe, inda ake sulhu da ba da bayanin doka. Mu tambayi kanmu, mutum nawa a cikinmu suka san abin da ke cikin wancan kundi, mutum nawa suka taɓa taka waɗannan gidaje?

Idan ƙara ta kama mu, mukan ɗauki lauyan da ba ya jin Hausa, mu nemi tafinta, maganar gado ko ta ciniki ta bi ta baki uku kafin ta isa kunnen alƙali, rabinta ya zube a hanya. Laifin ba na lauyan ba ne. Mu ne muke cire yaro daga lakwal da zarar ya iya lissafi, mu sa shi a shago ko a bayan shanu ko a gareji. Kasuwanci gadonmu ne, babu mai raina shi, amma dukiyar da ba ta da mai tsare ta a gaban doka, gini ne a kan yashin bakin teku.

Mun san abin da wasu iyaye suke gudu. Sukan ce aikin lauya ƙarya ce, alƙalanci kuma malamai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan hatsarinsa. Gargaɗin gaskiya ne, amma an yi shi ne domin mai danne haƙƙi da mai hukunci cikin jahilci. Idan duk masu tsoron Allah suka guje wa kujerar, ba za ta zauna babu kowa ba, wani ne zai hau. Muhammadu Bello ɗan muhutin Katsina ne, Uwais ɗan alƙalin Zazzau ne, gidajen malamai ne suka ba da 'ya'yansu. Kuma ba maza kaɗai ba. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta fito daga kotunan Kano, ta zama mace ta farko Babbar Jojin Nijeriya a 2012. A nan gida Togo ma, Mai Shari'a Awa Nana Daboya ta shugabanci kotun ƙungiyar CEDEAO da ke Abuja daga 2009.

Hanyar kuwa a buɗe take. A Nijeriya sai lauya ya yi shekara goma yana aiki kafin a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu. A nan tsarin Faransa muke bi: yaro ya ci jarrabawar bak, ya karanta doka a Jami'ar Lome ko ta Kara, sannan ya zauna jarrabawar shiga cibiyar horar da ma'aikatan shari'a, idan ya ci ya fito alƙali tun da ƙuruciyarsa. Wanda bai bi nan ba yana iya zama lauya, ko magatakardan kotu, ko mai rubuta takardun ciniki da gado. Abin da ake buƙata shi ne yaro mai ƙoƙari, da cikakkun takardun haihuwa da na zama ɗan ƙasa tun da wuri, da kuma wanda zai riƙe shi shekara biyar zuwa bakwai ba tare da an ce ya dawo shago ba.

A nan ne muke kira ga sarakunanmu, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da na matasa, da na mata masu adashi. Mu ba mu da gwamnatin Sardauna da za ta tura mana yara Landan, amma muna da attajiran da suke biya wa mutane kujerar Makka, muna da jama'ar da take haɗa kuɗin ginin masallaci cikin 'yan watanni. Idan kowane Zongo ya ɗauki nauyin yara biyu ko uku masu karatun doka, mace da namiji, kafin shekara goma za mu samu waɗanda za su duba mana takarda kafin mu biya kuɗin fili, su tsaya mana a kotu da harshen kotu, su dawo zaure su yi mana bayani da Hausa. Wata rana kuma a samu wanda zai hau kujerar ya yi wa kowa adalci, Bahaushe da Ba'ewe da Bakabiye, kamar yadda baƙon Sen Lusiya da ɗan alƙalin Zazzau suka yi wa ƙasar da ta ba su amana gwargwadon ikonsu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu kwana nan, sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.